Wayar da Na Ja a Motar Ila

Mushe Abdu, malamin boko maƙwabcinmu da ya bar koyarwa a lakwal, wato makaranta, shi ke riƙe da alƙalami ni ina faɗa, don idona ya daina ganin layin takarda. Na roƙe shi kada ya gyara mini magana ko da ya ji ta fito da kaushi. Abin da ya zaunar da ni yin wannan babi kalma ce guda da na ji daga bakinki, Rakiya, lokacin da kika zo hutu da yaranki. Ina kwance a zaure, kin ɗauka barci nake. Ƙaraminki ya tambaye ki me ya sa ake ce wa kakansa mai garaji alhali ba shi da garaji, kika ce masa Baba Ada ne ya ƙwace. Kin faɗe ta a sauƙaƙe, kamar mai faɗin sunan gari. A nan na gane maganar ta wuce ku ta kama hanyar jikoki, kuma na san wanda ya bar ta ta yi wannan tafiya.

Kun san daga Deule munka fito, ni da ƙanena Ada, shekara bakwai tsakaninmu. Garajinmu na Madawa rumfar kwano ce da inuwar itacen bedi ɗaya a bayan tasha. Shi inji ne nasa, ni kuma wutar mota, abin da muke ce wa kuran. Da salula, wayar tafi-da-gidanka, ta shiga hannun kowa, sai wata rigima ta taso cikin motocin haya. Wurin sharji ɗaya ne tak, a gaban direba, fasinja kuwa bakwai ko takwas, kowa batirinsa ya mutu tun daga ƙauye, ana ta miƙo salula ta saman kafaɗar mai tuƙi. Ga zafin bazara, na gaba yana shan iskar kilim, na'urar sanyaya mota, na baya yana jiƙa riga. Wata rana anka kawo mini babbar motar masu aikin gyaran ƙasa na Keita, na ga tana da tagar iska da bakin sharji a bayan akwatin nan da ke tsakanin kujerun gaba, inda direba ke ɗora gwiwar hannu. Na kwance akwatin, na zauna ina kallon cikinsa tun hantsi har la'asar. Na ce wa Ada abin da anka yi a masana'anta ni ma zan yi shi a ƙarƙashin bedi.

Aikin ba shi da wuya ga mai haƙuri. Za ka cire akwatin ka huda bayansa wuri uku, biyu na sharji ɗaya na iska. Ka jawo tiyo daga inda iskar kilim ke fitowa ta ƙasa, ka bi da shi gefen giya da birkin hannu, ka sa masa ƙaramar fanka da za ta tura iskar baya. Sannan ka ja waya ta ƙarƙashin shimfiɗar mota zuwa inda kuran yake. Abu biyu ne ba a wasa da su. Kada waya ta bi inda ƙarfen kujera ke gogawa in an tura ta gaba ko baya. Sai kuma fizibil, ɗan abin nan mai kama da haƙori da ake sokawa a farkon waya, wanda aikinsa shi ne ya tsinke in kuran ya yi yawa tun waya ba ta yi zafi ba. Kowane da launinsa. Shuɗi shi ne daidai da wayar da nake sawa. Mai launin tsanwa yana ɗaukar ninkin abin da shuɗi ke ɗauka, na manyan wayoyi ne. In ka sa shi a siririyar waya, ita za ta narke shi yana nan lafiya lau. Wannan bayani na yi wa mutane shi ya fi a ƙirga. Cikin shekara biyu direbobin Buza da Keita da Bangi sun san hanyar rumfarmu, har suna cewa in Sha'aibu ya taɓa maka waya, ka tafi Agadas ba ka waiwaya ba. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

A shekarar da nake ba ku labari, kai Mahamadu kana ci-rani a Abijan, Rakiya tana ɗakinta a Tawa, ƙannenku suna lakwal. Tun damina na lura rubutun da ke jikin kayan aiki ya fara yi mini hazo. Daga nan launuka sunka fara shiga juna. Ban gaya wa kowa ba. Innarku ce ta fara ganewa, wata safiya ina shirin fita.

"Malam, jiya ka zuba hura gefen ƙwarya. Yau kuma ka gaida tulu a bakin ƙofa."

Na yi dariya na ce gaggawa ce.

"Ba gaggawa ba ce. Ka tahi wurin likita."

Na tafi Tawa da sunan sayen kaya, ko gidanki ban biya ba, Rakiya, don kada ki tambaye ni. Likitan ido ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin, magani yana rage masa gudu amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambayi sana'ata, na ce ina da garaji. Ya ce to in bar wa masu ido aikin hannu, ni in zauna ina ba da umarni. Na ninke takardarsa na tura ta ƙasan akwatin kayan aiki. Innarku na ce mata an ce gajiya ce. Ba tsoron yunwa ya sa ni ɓoyewa ba, don na san Ada ba zai bar gidana babu hatsi ba. Sunan nan da anka ba ni a tasha ne na kasa ajiyewa. Na ce wa kaina yatsuna sun san waya fiye da yadda ido ya san ta, kuma rabin maganar gaskiya ce.

Ila direba ne ɗan Keita, yana ɗaukar fasinja tsakanin Madawa da Buza da garinsu. Mutum ne mai son motarsa. Ya sayi bakin sharji da fanka da waya a shagon Isufu, mai kayan mota da ke fuskantar tasha, ya kawo mini ran kasuwar Bangi. Ada ba ya nan, ya tafi can tada wata babbar mota da ta mutu da kaya. Na yi aikin ni kaɗai, ina lalube. Da na zo kan fizibil, na buɗe gwangwanin da nake tara su, na ɗauki ɗaya na ɗaga shi ga rana, na ga shuɗi, na soka. Na tura kujerar direba gaba da baya sau ɗaya, ban ji komai ba, na mayar da shimfiɗa na rufe. Da anka tada mota fanka ta juya, salula ta kama sharji. Ila ya shiga baya ya zauna, iska tana bugun gwiwarsa, yana ta dariya yana cewa yanzu fasinjan baya sai sun riga na gaba shiga.

Kwana tara bayan haka, da tsakar rana, ya wuce Buza yana gangarawa cikin duwatsun nan kafin Keita, sai hayaƙi ya taso daga akwatin. A kujerar baya akwai wata tsohuwa da ɗiyarta ta ɗauko daga asibiti za ta mayar da ita gida. A tsakiya anka zaunar da ita da gangan, don ta samu iskar nan. Ƙafafunta suna jingine da akwatin, kuma ba ta da ƙarfin janye su da sauri. Robar da ta narke ta zubo mata a ƙafar dama, bakin zanenta ya kama. Ila ya tsaya, ya fizge kan batir, sunka kashe wutar da yashi. Ba a rasa rai ba, amma ƙafar tsohuwar ta ƙone daga idon sawu zuwa yatsu.

Washegari anka jawo motar Madawa. Ila bai zo wurina da faɗa ba. Shagon Isufu ya nufa, ya jefa masa narkakken bakin sharjin a kan tebur, ya ce kayan jabu yake sayar wa mutane. Tasha duka ta ɗauka. Babu wanda ya kawo sunana a ransa, har wasu suna zuwa yi mini jaje wai an ɓata mini aiki. Ada ne ya kwance cikin motar. Bayan azahar, rumfa ba kowa sai mu biyu, ya zo ya tsuguna gabana ya sa mini wani abu a tafin hannu.

"Yaya, wanga wane launi ne?"

Na juya shi, na ɗaga shi ga haske.

"Shuɗi."

Ya karɓe shi daga hannuna.

"Tsanwa ne, Yaya. Ko tsinkewa bai yi ba. Wayar kuma ta bi ƙarƙashin ƙarfen kujera, nan ta goge."

Ban yi gardama ba. Na tashi na lalubo takardar likita na miƙa masa. Da ya gama karantawa ya ninke ta ya sa a aljihunsa tare da fizibil ɗin. Ga abin da ya ce, kuma ina so ku ji shi da kyau, don shi ne kishiyar abin da kuka taso kuna ji.

"Ba wanda zai sani. Daga yau ni ne idonka. Kai ka hwaɗi yadda za a yi, ni in ɗauko in sa. Isuhu zai sha surutu wata ɗaya a manta."

Na yarda. Kwana goma ina fita da safe, ina wucewa ta gaban shagon Isufu. Ba na ganin fuskarsa sosai, amma ina ganin bencinsa da direbobi ke cika shi da shan shayi ya zama wayam. Na ji an ce wani ya mayar masa da batir ɗin da ya saya tun bara. Na ji an ce ya daina zuwa masallacin tasha, ya koma yin sallah cikin shago. Ni kuwa abinci ya daina wuce mini. A rana ta goma innarku ta ɗauke kwanon tuwo yadda ta kawo shi, ta zauna nesa kaɗan, ta ce in ba zan ci ba to in faɗi. Na faɗa mata duka, har ƙaryar gajiya. Na zaci za ta yi kuka ko ta tuna mini ta gargaɗe ni. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ka tahi ka ga ƙafar matar nan?"

Da safe na ce wa Ada ya kai ni Keita. Bai so ba, amma ya tada babur. Mun same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙafar tana naɗe, ɗiyarta tana kore mata ƙuda da mafici. Da anka ce mata masu gyaran motar ne sunka zo gaisuwa, ta yi ta sa mana albarka, ta ce Allah ya saka mana, shi kuma mai sayar da mugun kaya ta bar shi da Allah, kullum bayan sallah sai ta kai ƙararsa. Ada ya taɓa gwiwata, ina jin yana roƙona in yi shiru. Na ce, Inna, ba mai kaya ba ne, ni ne. Na gaya mata yadda idona ya lalace, yadda na sani na ɓoye, yadda na ɗauki tsanwa a matsayin shuɗi. Ɗiyarta ta ajiye maficin ta shige ɗaki. Tsohuwar ta juyo gare ni.

"Kwana goma sha biyu ina kai ƙarar bawan Allah da ban taɓa gani ba," in ji ta. "Ashe ba shi ba ne."

Na ce ta yafe mini.

"Dakata, ɗana. Ƙafa ta warke ko ta ƙi, wanga na Allah ne. Amma bakin da na yi wa mutumin can, kai ka sa ni, kai za ka tahi ka ɗauke shi. Ka ce mishi tsohuwar Keita tana roƙon ya yahe mata. In ka yi, ka dawo ka hwaɗa mini, sannan mu yi taka maganar."

A hanyar dawowa, da munka wuce Buza, Ada ya tayar da maganar. Ya ce ko za mu je wurin Isufu mu kaɗai, a rufe, ba sai duniya ta ji ba. Na ce a gaban mutane anka zubar masa da mutunci, a can ne za a mayar masa.

Washegari da hantsi, lokacin da sarkin tasha da direbobi ke zaune wurin mai shayi, na sa anka kira Isufu da Ila. Na faɗi abin da na faɗa wa tsohuwar. Da na zo kan fizibil, yana aljihun Ada, kuma ko a hannuna yake ba zan iya rantsuwa da launinsa ba. Na ce, Ada, ɗaga shi su gani. Ya ɗaga. Waɗanda ke kusa sun ji ni na sa shi. Amma tasha tana da faɗi, mutane sun taru har bakin titi, kuma na nesa abin da sunka gani shi ne ƙane tsaye ya ɗaga hannu da shaida, wa kuma ya sunkuyar da kai. Kafin magariba labarin da ke yawo a gari shi ne Ada ya tona wa yayansa asiri.

Isufu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwana goma kana wucewa ta gaban shagona." Na isar masa da saƙon tsohuwar, ya ce ita ya yafe mata. Ni sai bayan damina biyu ya fara amsa gaisuwata. Mun gyara wa Ila cikin motarsa, Ada ya ja wayar da hannunsa. Ila ya karɓi makulli ya yi godiya, bai sake kawo mana aiki ba. Na koma Keita kamar yadda anka ce, tsohuwar ta yafe mini, har ta ba ni gyaɗa a leda in kawo wa innarku. Ta rayu shekara biyu bayan nan, amma ba ta ƙara taka ƙafar ba sai da sanda.

Ada ya nace in ci gaba da zama a rumfa ina ba da umarni, na kuwa gwada wata guda. Wata rana ya fita, wani direba baƙo ya zo fitilunsa sun mutu. Ban san lokacin da na tashi ba, sai na tsinci kaina durƙushe ƙarƙashin sitiyari, waya biyu a hannuna ina ƙoƙarin gane wace ce wace. Na sake su, na ce wa mutumin ya jira mai garaji. A ranar na naɗe tabarmata na ɗauki butata. Na ce wa Ada ya goge sunana daga allon bakin rumfa, don muddin yana nan za a riƙa zuwa nemana, ni kuma na ga ba zan iya cewa a'a ba. Ya ƙi. Na ce in bai goge ba, ba zan sake cin abincin gidansa ba. Ya ɗauko fenti ya goge da hannunsa, da rana tsaka, mutane suna wucewa suna kallo. Wannan ma ya shiga cikin labarin.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini nauyi. Mahamadu, ka dawo daga Abijan bayan wata biyar, tun a mota anka ba ka labari. Ka zo ka zauna kusa da ni a zaure ka ce, Baba, da gaske ne Baba Ada ya tona ka a tasha ya karɓe garaji? Ka tuna amsata. Na ce, bar maganar nan, ta wuce. Na san yadda za ka fassara ta tun kafin in rufe baki. Na iya tsayawa gaban direbobi sittin in ce ni ne, amma gaban ɗana na kasa. Ya fi mini sauƙi ka ɗauke ni mutumin da ƙanensa ya zalunta, da ka ɗauke ni mutumin da ya ƙona ƙafar tsohuwa saboda son suna, ya kuma bar wani ya ɗauki laifin kwana goma. Innarku ta so ta yi magana, na hana ta. Sau da yawa ta ce mini wannan shirun ya fi fizibil ɗin muni, don shi da ido biyu na yi shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan kuna gaida baffanku a tsaye, kuna ƙin kai yaranku gidansa da sallah, shi kuma bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Isufu kwana goma na yi masa. Ku lissafa abin da na yi wa Ada. Ba ni da abin da zan ce ku yi, ku manya ne. Na dai ajiye muku maganar yadda take.

Shekaranjiya na sa sandata na lalubi hanya har garaji, abin da na daɗe ban yi ba. Na ji ƙarar guduma ta tsaya, Ada ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, ya jawo mini benci. Shi ma ya tsufa, na ji shi a muryarsa. Na gaya masa ina sa Mushe Abdu yana rubuta muku abin da ya faru.

"Yaya, mi ya kai ka? Bar su hakanan. Yara suna son su ga ubansu a tsaye."

Na ce an riga an rubuta fiye da rabi.

Ya murza tsumman da ke hannunsa.

"To in haka ne, kada ka wanke ni hiye da yadda nike. Ka sa a rubuta ni ne na ce a ɓoye. Ni na ce a bar Isuhu ya sha surutu. Shi ya sa ban taɓa jin yaran nan sun zalunce ni sosai ba."

Na ce masa wannan ma yana ciki.

"To," in ji shi.

Ya sa anka kawo shayi munka sha, ya ba ni labarin wata sabuwar mota da ta ba shi wuya, ya tambaye ni ta ina zan fara neman matsalar in ni ne. Na faɗa masa, ya ce can ya fara shi ma. Da na miƙe zan tafi, ya karɓi sandar daga hannuna ya riƙe ta, ya kama ni da ɗaya hannun, ya tsallakar da ni titi, bai sake ni ba sai ƙofar gida.